Ranar da Buroshi Ya Suɓuce Mini a Kicin ɗin Anti Lim

Salamu alaikum jama'a. Kun ji ni shiru tun bayan azumi, har wani ya rubuto yana tambaya ko an saye ni ne na daina sukar gwamnati. Ba a saye ni ba. Jinya na yi.

Tun da muka zo Kuala Lumpur, inda maigidana, Abban Hanifa, yake koyarwa, na kamu da son rubutun Sinawa na buroshi da tawada. Yana tuna mini zayyanar allon da kakana yake yi a Rano. Wata dattijuwar maƙwabciyarmu a Taman Melati, Anti Lim, ita take koya mini a teburin kicin ɗinta.

Wata safiya ina jan layi sai buroshin ya faɗi. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Zan yi mata wasa, sai na ji harshena ya yi nauyi.

Ta ƙura mini ido ta ce, "Ɗaga hannu biyu." Na dama ya ƙi tashi.

"Asibiti, yanzu lah. Haka ya fara wa mijina."

Ita ta tuƙa ni, a hanya ta kira maigidana.

Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka ɗebi jini, aka auna zuciya. Likita ya ce wata ƙaramar jijiya ce ta toshe, sanadin hawan jinin da ban san ina da shi ba. Ashe ciwon kan da nake ta sha wa fanadol ke nan. Ya ce, "Zuwa da wuri ne ya taimake ki."

Inshora ta ɗauki wani ɓangare, sauran ya cinye tanadinmu na zuwa gida hutu.

Na ji tsoro sosai. Cokali ma ya gagare ni, ga littafin da nake rubutawa ya tsaya a tsakiya. Maigidana ya ce, "Maman Hanifa, ki riƙa faɗa ina rubutawa." Na fashe da kuka. Ni sai hannuna yana tafiya tunani yake zo mini.

A gadon nan na yi ta tuna Gwaggo Asabe, ƙanwar babana. Ita ma haka ya same ta a ƙauye, aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Da aka kai ta birni, aka ce na'urar hoton ta lalace. Ba ta tashi ba. Ciwonmu ɗaya, ni ina da asibiti a kusa, ita ba ta da shi. Wannan ita ce siyasar da zan riƙa rubutawa yanzu.

Bayan an sallame ni na fara zuwa gashi. Matsa ƙwallon roba, tsince wake ɗaya-ɗaya daga faranti. Wata rana wake ya zube, na ce na gaji, ba zan ƙara ba.

Da yamma Anti Lim ta shigo da tapau, wato ƙunshin kunun shinkafa da ta sayo. Kafin in tambaya ta nuna mini tambarin halal. Ta fito da babban buroshi da kofin ruwa, ta ja ni baranda.

"A siminti za ki rubuta, da ruwa. Zai bushe, ba wanda zai ga muninsa."

Da harafin "mutum" na Sinanci muka fara, layi biyu kacal. Nawa ya fito kamar ƙafar kaza. Ya bushe, na sake.

Na tambaye ta ko mai irin wannan rubutun yana barin hayaniyar duniya. Ta yi dariya ta ce mijinta kullum sai ya yi musun siyasa a kedai, wato shagon shayi, da safe, da yamma ya niƙa tawadarsa. "Duka biyun ya yi har ya mutu."

Yanzu alhamdulillahi ina rubutu, a hankali, hannun yana saurin gajiya.

Na gode wa Allah, na gode wa maigidana, da matan Arewa na nan da suka yi ta kawo tuwo, da Anti Lim.

Don Allah, idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya jiƙa komai, a tafi asibiti. Kuma yau ku kira iyayenku ku tambaye su yaushe rabon da a auna jininsu. Idan sun ce lafiyarsu ƙalau, ku kai su duk da haka. Ni ma abin da nake cewa ke nan a da.