Wasiƙar da Celina Ta Nema

Celina Tagwai malamar lissafi ce a wata sakandare a unguwar Television. Mahaifinta ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kuma ita ce ta fara taka jami'a a gidansu. Shekara tara tana koyarwa, ranta na kan digiri na biyu.

A 1999, bayan sojoji sun koma bariki, aka tallata gurbin karatu kyauta ga waɗanda ba su haura talatin da biyar ba. Shekarunta ke nan cif. Ana son wasiƙar shaida daga wanda ya koyar da ita a jami'a.

Mutum biyu suka zo mata a rai. Akwai Malam Aminu, wanda ya duba aikinta na shekarar ƙarshe, ya yi ritaya yana zaune a Makera. Akwai kuma wani Farfesa da ya koyar da su zango ɗaya, sabuwar gwamnati ta ba shi muƙami.

Yayarta Juliana ta ce, "Wa ya san Malam Aminu? Babban suna ake dubawa, ƙanwata."

Celina ta bi shawarar. Mako biyar tana sintiri a ofishin Farfesa, tana zama a benci ɗaya da 'yan siyasa da 'yan kwangila. Ana saura kwana biyu a rufe, sakatarensa ya miƙo mata takarda. Layi uku ne, kuma an rubuta "Cecilia" maimakon sunanta. Ta ce a gyara, aka ce Oga ya tafi Abuja.

Washegari ta nufi Makera. Ta tarar da Malam Aminu a kan tabarma, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Nan take ya gane ta, har ya tuna kan aikinta.

"Me ya hana ki zuwa da wuri, 'yata?" in ji shi, maganar na fita da ƙyar.

Ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Yana faɗa tana rubutawa, shafi biyu, sannan ya sa hannu da hagu. Ofishin karɓar takardu suka ƙi karɓar wasiƙar: babu hatimi, kuma rubutun mai neman ne.

Malam Aminu ya rasu kafin damina ta zagayo. Da aka sake tallata gurbin, shekarun Celina sun wuce. Ta ci gaba da koyarwa, har ta yi ritaya ba ta sake cika fom ba.