Noti na Shida

Baba ya rasu ya bar mana tsohuwar mota mai kujera biyu, wadda wani Baturen kuza ya ba shi. Shekara da shekaru tana tsakar gidanmu a unguwar Congo-Russia, damina tana dukanta. Bara na ce sai na tayar da ita.

Noti shida ne suka riƙe bututun salansa a jikin injin, duk tsatsa ta kama su. Na san yadda Baba yake yi: ya ɗiga man birki, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya tafi masallaci, gobe ya sake. Kwana huɗu ina haka, biyar suka kwance. Na shidan ya ƙi. Raina ya ɓaci, na zura dogon ƙarfe a sufana, na danna da dukan ƙarfina. Sai na ji ƙas! Ƙusar ta karye a cikin injin.

Na zaga garejojin Farin Gada da guntun a aljihu. Kowane bakanike ya ce haƙoran irin na Turawan da ne, mutum ɗaya ne a Jos ya iya yanka su. Wani tsoho har ya kwatanta mini gidan mutumin, ya ce ya daɗe bai gan shi ba. Gidanmu ne.