Gayyar da Iro Ya Rama Shi Kaɗai

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Iro, wanda a ƙauyenmu da ke tsakanin Bakori da Danja ba a kiran sa da komai sai Koci. Na daɗe ina kame bakina a kan abin da aka yi masa. Bana kam shirun ya ishe ni.

Yaran yanzu ba su san darajar kofin ƙwallon ƙafa na ƙasa ba. Gasa ce ta sili ɗaya ƙwale, an ci ka ka koma gida, kuma daɗinta a zamaninmu shi ne ba ta tambayar asalin kowa. Ƙungiyar ƙauye na iya shiga tun daga matakin jiha, in ta yi sa'a ta kara da manyan da muke ji a rediyo. Wannan ne ya shiga ran Iro, manomin auduga da bai taɓa wuce Zariya ba.

Sai dai wasannin share fage da damina suke faɗowa, daidai lokacin da ciyawa ke neman cinye masara. Wane uba ne zai saki ƙato ya tafi bin ƙwallo ya bar gona? Iro ya bi gida-gida yana roƙon gayya: duk ranar da muke da wasa, mutanen gari su ɗauki fartanya su nome gonar ɗaya daga cikinmu. Ban manta da Baba Tanko ba, dattijon Bamaguje, uban Nomau mai ci mana ƙwallo. Ya ce, "Iro, gayya fa ramawa ake yi. Da me za ka rama mana?" Iro ya ce, "Baba, in muka wuce matakin jiha, da kunnenka za ka ji sunan ɗanka a rediyo." Tsoho ya ce, "Na ji. Kada dai ka sa ni noman banza."

Muka fara cin wasa kamar da gangan. Ni ina tsaron baya, ba don gwaninta ba, don dai Allah Ya ba ni ƙashi. Muka fitar da wata ƙungiyar Malumfashi, muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har muka kayar da 'yan birni a wasan ƙarshe. Mu ne za mu wakilci jiha.

A nan Alhaji Sabo ya nuna mana halinsa. Dillalin auduga ne a Funtuwa, abokin Iro tun makarantar allo, kuma Iro ne da kansa ya naɗa shi uban ƙungiya saboda shi ya ɗinka mana riguna. Ranar tafiya muka hallara a tashar Funtuwa, rabin ƙauye sun rako mu. Mota ta iso cike. A ciki akwai 'yan birnin nan da muka kayar, sanye da rigunanmu. Alhaji ya sauko yana murmushi ya ce, "Koci, sai haƙuri. Wannan mataki ba na 'yan ƙauye ba ne, kada a kunyata jiha. Kai dai ga kujerarka a gaba." Iro ya ce, "Alhaji, da yaran nan na zo, da su zan koma."

A wasan farko aka fitar da 'yan birnin da suka tafi da sunanmu. Baba Tanko ya zauna gaban rediyo yana jin sunan ƙauyenmu haɗe da sunayen da bai taɓa ji ba. Ban ce da mun je za mu ci ba, wataƙila da ruwan ƙwallaye za a yi mana. Amma kashinmu ne, mu ya kamata mu sha shi. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi.

Damina ta zagayo, Iro ya ɗauki fartanya ya shiga bin gonakin duk waɗanda suka yi mana gayya. Na ce mu raba aikin, ya ce bakinsa ne ya yi alkawari, ba nawa ba. Baba Tanko ya ce ya yafe, Iro ya ƙi. Tasa audugar ta lalace a ciyawa, kuma daga shekarar bai sake taka filin ƙwallo ba.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da yana nan. Samarin da suka cika gidajen kallo suna musu a kan ƙungiyoyin Turai ba za su dame shi ba, na san zama zai yi a cikinsu ya fi kowa hayaniya. Filinmu da aka yanka fuloti ma zai haɗiye. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne kofin da 'ya'yan marigayi Alhaji Sabo suka sa bana don tunawa da ubansu, wai shi ne ya kai ƙauyenmu gasar ƙasa. Har ni suka gayyata in zauna cikin manyan baƙi. Allah Ya ji ƙan Alhaji, amma ba zan je ba.

Iro bai bar kofi ba, ko hoto da rigar ƙungiya ba shi da shi. Abin da ya bari shi ne har yau babu gida a ƙauyenmu da zai ce Iro ya ci masa noma. Shi aka yaudara, shi kuma ya biya, waɗanda suka hau motar kuwa ko sannu ba su taɓa ce masa ba har ya koma ga Allah.