Ƙanwata Saratu da Ba Ta Jin Zafi

Wata Laraba ce a kakar 1997, muna tsakar gidanmu a Kucheri, Inna tana suyar ƙuli-ƙuli ni kuma ina ɓarar gyaɗa, sai na ji ƙaurin nama. Babu nama a gidan ranar. Da na waiga sai na ga ƙanwata Saratu, mai shekara shida, tsaye a gefen murhu tana shan rake, ƙafarta ta hagu a kan garwashi. Inna ta yar da matsami ta fizgo ta tana salati. Saratu ta dubi tafin ƙafar da ya saɓule, ta dube mu, ta tambayi abin da ya sa muke kuka.

Mun daɗe da sanin ba ta kuka idan ta faɗi, amma an ɗauka dauriya ce. Daga ranar magana ta sauya. Mata a bakin rijiya suka ce iska ce ta shafe ta, dangin Baba kuma suka ɗora laifin a kan Inna, wai ta yi wanka a rafi da tsakar rana tana da cikinta. Inna ba ta taɓa mayar musu da magana ba. Ni ce mai bakin, ina da shekara goma sha ɗaya, har an san ni da shi.

Da ƙafar ta warke aka sa Saratu aji ɗaya. Wata rana lokacin tara ina ƴar gala-gala da ƙawayena, na hango yara sun yi da'ira a gindin darbejiya suna shewa. Na kutsa, na tarar da Bala, ƙaton ɗan aji shida, yana soka mata ƙayar aduwa a hannu ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana murmushi don ta ga kowa na kallonta. Kwanon fatena ne a hannuna. Da shi na fasa masa leɓe.

Hedimasta ya tsayar da ni gaban makaranta ya ce in ba Bala haƙuri. Na ce ba zan ba shi ba. Ya zuba mini bulala har sai da na durƙusa, sannan ya sauke hannu ya ce, “Taurin kan mi ne wannan?” Na ce, “Malam, ka ga na ji zafi, shi ya sa ka bari. Ita wa zai bari?” Ya kore ni gida mako guda, amma washegari aka ce shi da kansa ya tara ɗalibai ya hana kowa taɓa Saratu.

Satin nan na yi shi ne ina damun Baba, a gona da gida, har ya gaji ya sa mu a mota zuwa asibiti a Gusau. Likitan ya tsikare ta da allura, ya gwada ruwan ɗumi da na sanyi, ya ce gaskiya bai da magani, amma ba iska ba ce, daga jijiya ne. Ya ce a riƙa duba jikinta kullum. Aikina ke nan na shekara bakwai: kafin magariba in zaunar da ita a kan turmi, in bi tsakanin yatsu, in buɗe baki in ga ko ta ciji harshe. Duk da haka wata ƙusa da ta taka ta kuɓuce mini a damina, ta rasa yatsun ƙafa biyu.

Na tambayi likitan me ya sami jijiyar, ya ce sai in je in karanto. Na je. Yau shekaruna na aiki duk a ɗakin bincike suka tafi, kan wasu ƙofofi ƙanana a jikin jijiya, waɗanda ke buɗewa gishirin jiki ya shiga, saƙon zafi ya kama hanyar ƙwaƙwalwa. Iri guda daga cikinsu ne ba ya aiki a jikin Saratu, kuma gadonsa ta yi daga Inna da Baba su duka biyun. Ɗalibaina da suka zama likitoci sun san abu ɗaya da ba na ɗaga ƙafa a kansa: a saurari mai ciwo, a kuma binciki wanda ba ya kuka.

Saratu tana ɗinki a Gusau yanzu, tana ɗingishi, tana da ƴaƴa uku. Gidanmu na Kucheri an zuba masa siminti, rijiyar ta ƙafe, matan da suka yi maganar yawancinsu sun rasu. Inna ma ta rasu ina shekarar farko a jami'a. Na samo amsar, sai dai wadda ta fi kowa buƙatar jin ta ba ta jira ni ba.