Tsagar Ɗakin Iya

Wata ranar Talata ce a farkon watan Yuli, shekarar da nake aji huɗu na firamare. An yi kwana biyu ana tafka ruwa a Kaduna, sai ranar gari ya ɗan washe. Ina dawowa daga makaranta Umma ta miƙo mini tsintsiya, ta ce in share ɗakin Iya, kakarmu wadda ta haifi Baba. Na durƙusa ina zaƙulo shara daga bayan akwatinta na ƙarfe, sai na ga wani siririn haske kwance a kan daɓe, inda ban taɓa ganin haske ba. Da na ɗaga kai na ga bango ya tsage. Tsagar ta taso daga ƙasa, ta bi layin bulo a karkace kamar matakala, har ƙarƙashin taga. Na kara idona, na hango ganyen gwandar maƙwabta yana kaɗawa. Na san abin da ke bayan wannan bangon, kuma na san wanda ya yi shi.

Gidanmu na Badarawa ɗaki uku ne a jere, da rijiya da bishiyar gwaiba a tsakar gida, da akurkin kajin Umma. Baba ma'aikacin gwamnati ne, da kaɗan-kaɗan ya gina shi, ɗakin Iya kuwa shi ne na ƙarshe. A bayansa akwai wani matsattsen lungu tsakaninmu da katangar maƙwabta, inda ruwan kwano yake zuba. An hana mu shiga saboda kunama, amma can ne ni da ƙanena Sadiku muka gano jar ƙasa mai danƙo wadda babu irinta a unguwar. Da ita muke gina tukwane da shanu masu ƙaho da rediyo mai eriyar tsinke, mu shanya a kan murfin rijiya, yaran layinmu su yi ta roƙonmu mu faɗa musu inda muke samo ta. Tun farkon damina muke haƙa da tsohon cokali da murfin gwangwani. Ramin ya yi zurfin da yake haɗiye hannuna har kafaɗa, kuma ba ƙasa ya nufa kai tsaye ba, ƙarƙashin bangon Iya ya kurɗa. In an yi ruwa sai ya cika fal, mu jira ya tsotse mu ci gaba.

Ban faɗa wa kowa ba. Na tura akwatin ya rufe ƙasan tsagar, na jingina naɗaɗɗiyar tabarma a samanta, na ja Sadiku bayan akurki na sa ya rantse ba zai yi magana ba. Daga ranar na ƙwace sharar ɗakin Iya, har Umma tana yaba mini wai na yi hankali. Kullum da safe nakan auna tsagar. Ranar farko tsinken tsintsiya ne yake shiga. Bayan kwana huɗu fensirina ya shige. Kafin mako ya zagayo ɗan yatsana ya wuce ba tare da ya gogi komai ba. Na kwaɓa jar ƙasa na liƙe, washegari na tarar ta zube.

Iya tana fama da ciwon gwiwa, ba ta fita sai an tallafe ta, a zaune take salla, idonta ma ya yi rauni. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara, kuma ni kaɗai take ɓoye wa alewa a ƙarƙashin matashi. Wata rana ina sharar ta ce, "Takwara, ɓera ne ya dame ni da zubo ƙasa, ko kuwa?" Na ce ɓera ne. Na fito na zauna a bakin rijiya, alewar tana hannuna na kasa sha.

A makaranta na zama wata iri. Lokacin hutun tara ƙawayena suna 'yar gala-gala da carafke a gindin dalbejiya, ni kuwa idona yana gabas, ina duban ko hadari ya taso. Da na ji iska ta sauya sai hankalina ya koma gida. Malamar lissafi ta zane ni sau biyu a mako guda saboda ta kira sunana ban ji ba. Da an tashi nake sheƙawa gida a guje, ban tsayawa sayen gyaɗa, sai na karyo kwanar layinmu na hango rufin ɗakin Iya yana nan tsaye sannan numfashina yake dawowa. Sau da yawa nakan tsaya a ƙofar kicin da niyyar faɗa wa Umma, sai in tuna bulalar da ke rataye a bayan ƙofar Baba, in ce ruwa na zo sha.

Ranar Asabar ta biyu, bayan la'asar, Baba ya tafi gaisuwar rasuwa a Mando. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ina taya Umma tara ruwa a baho sai na ji wata ƙara daga ɗakin Iya, kamar an taka busasshen kara. Na yar da bokiti na ruga. Na tura ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ba a kulle take ba, bangon ne ya sauka ya danne ta. Ta ciki ina jin muryar Iya tana salati a hankali, da wani sauti kamar ana zuba gero a ƙwarya. Ban san lokacin da na fara ihu ba: "Umma, ɗakin zai faɗi! Ni ce, ni na haƙa rami!"

Umma ba ta tambaye ni komai ba. Ta bugi ƙofar da kafaɗa sau biyu, sannan ta fita waje ba ko mayafi tana kururuwa. Malam Haruna mai faci, da rumfarsa take jikin gidanmu, ya shigo da mutum uku da suka fake a wurinsa, biyu ma ban taɓa ganinsu ba. Suka ɗauki taɓaryar Umma suka yi ta dukan ƙofar, kowane bugu ina ganin ƙasa tana zubowa daga saman bango, ina jin kamar bugun ne zai ƙarasa shi. A na biyar ƙofar ta ɓalle. Malam Haruna ya shiga ya goyo Iya, carbinta yana lilo a wuyan hannu. Ba su daɗe da sauke ta a ɗakin Umma ba muka ji rugugi. Ɓangaren da ke ƙarƙashin taga ya rufto ciki, ya lotsa akwatin, bulo biyu suka faɗa daidai inda take shimfiɗa darduma.

Da Baba ya dawo ya ji labari, kallona kawai ya yi. Wannan kallon ya fi mini bulala ciwo.

Washegari da sassafe ya ɗauko Malam Isuhu magini daga Unguwar Kanawa a bayan babur. Gajeren dattijo ne, siminti ya farfasa masa tafin hannu. Ya zaga lungu, ya zura sanda cikin ramin, ya ɗauki guntun bulo ya murtsuke shi da yatsu ya zama gari. Ya sa aka kira ni. Na zo na durƙusa.

"Ke ce mai ramin?"

Na gyaɗa kai.

"Ramin ya taimaka, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma Alhaji, harsashin nan bai kai ƙasa mai ƙarfi ba, bulon kuma yashi ne aka nuna wa siminti. Ga ruwan kwano yana zuba a gindinsa shekara da shekaru. Ko ba yarinya, da sauransa damina biyu." Sannan ya juyo gare ni. "Kwana nawa da kika ga tsagar?"

Na ce goma sha biyu.

"To wannan ne laifinki. Bango yana magana kafin ya faɗi. Wanda ya ji, shi ne bakinsa."

Mako biyu ya yi yana aikin. Ya tokare rufin da katakai, ya rushe abin da ya rage na bangon, ya haƙa har sai da cebur ya fara ƙara a kan marmara. Ya ɗaura rodi, aka kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa aka zuba, ya yi ta soka ƙarfe a ciki don kada iska ta maƙale. Ni ya ɗora wa shayar da kankaren, safe da yamma har kwana bakwai, ko an yi ruwa ko ba a yi ba sai na je na duba. "Kankare jariri ne," in ji shi, "in ya ji ƙishirwa a makon farko, har abada ba ya ƙarfi." Bayan ya jera sabon bulo ya yi filasta, ya daɓe lungun gaba ɗaya, ya fitar da magudana zuwa kwata. A inda sabon gini ya haɗu da tsoho ya manna ɗan gilashi da siminti, ya ce in ya fashe, ginin yana motsi, a kira shi. Har ƙarshen damina nake duba gilashin nan kafin in wanke fuska. Bai fashe ba. Iya kuwa ta ƙi komawa ɗakin sai da aka yarda in riƙa kwana tare da ita, kuma ba ta taɓa ɗago mini zancen ba har ta koma ga Allah bayan shekara shida.

Yanzu ina zaune a gidan bene, ginin zamani, katanga doguwa da waya a samanta da ƙofar ƙarfe mai sakata uku. Babu tsaga ko ɗaya, na duba. Amma shekara huɗu ke nan ban san sunan mutumin da ke gidan da ke jikin nawa ba, sai dai mu ɗaga wa juna hannu ta gilashin mota. In hadari ya haɗu nakan tsaya a taga in tuna mutanen nan biyu da suka jiƙe sharkaf saboda tsohuwar da ba su sani ba, suka tafi kafin a ce musu an gode. Ginina ya fi na Baba ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai ban san wanda zai ɓalle mini ƙofa ba.