Wayarka Ba Ta Daina Ƙara Ba, Yaya

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ana gab da kiran sallar azahar, Allah Ya karɓi ran yayana, mai gyaran famfo, wanda mutane suka fi sani da Ga-Ni-Nan. Ya rasu yana da shekara arba'in da tara. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu, ya bar mahaifiyarmu da tsufa ya riga ya kama, ya bar ni, ƙaninsa tilo. Bai cika a gida ba, bai kuma cika a gadon asibiti ba. A kan matakalar wani bene ya zauna, bayan ya sauko daga duba tankin ruwa, ya roƙi matar gidan ta taimaka masa da ruwan sha. Kafin ta dawo da kofin, ya riga ya jingina da bango, sifana na hannunsa.

Yau kwana goma sha biyu ke nan, Yaya, sai yau na samu na zauna in rubuta maka wannan. Da zan ce kuka ne ya hana ni, da na yi ƙarya. Gajiya ce, irin wadda ka sani, wadda mutum zai tashi da safe ya ji kamar an kwana ana dukansa. Zan gaya maka inda na samo ta, amma bari in fara da abin da ya kamata a fara da shi.

Ba ka taɓa jin haushin sunan da aka laƙaba maka ba. Duk wanda ya kira ka, ko kana ƙarƙashin wurin wanke-wanken wani gida rabin jikinka a jiƙe, ko ka kai loma baki, amsarka ɗaya ce: "Ga ni nan zuwa." Kuma kana zuwa ɗin. Tun daga ranar da wayarka ta faɗa cikin tanki ka ɗaura wa sabuwar igiya ka rataya a wuya, ba ta sake barin ƙirjinka ba. Ina yi maka tsiya cewa ko likitan tiyata bai kai ka jiran kira ba, kai kuma ka ce ai likita ma in bututun gidansa ya fashe kai zai nema. Muna dariya a lokacin.

Alherinka ba ya bukatar shaidata, amma zan faɗi kaɗan daga wanda idona ya gani. Tsohuwar nan ta ƙarshen layinku, wadda 'ya'yanta duk suka yi nisa, kai ka ja mata bututu daga bakin ƙofa har cikin ɗakin girki don kada ta sake ɗaukar bokiti, kuma kullum ka bi ta layin sai ka leƙa ka murɗa famfon ka ga yana zuwa. Makarantar yara da ke bayan kasuwa ta yi wata guda banɗakinta a toshe, kowa ya zo ya toshe hanci ya juya, kai ka naɗe ƙafar wando ka shiga. Ni kaina a hannunka na fara riƙe filaya. Da na ce raina ya fi kwanta wa gyaran wutar lantarki, ba ka ɓata rai ba, sai ma ka ɗauke ni a babur ka kai ni wurin wanda zai koya mini, ka ce masa, "Ga amanata."

Amma ta'aziyya ba wurin ɓoye gaskiya ba ce, kuma ina jin haushinka, Yaya, har yanzu da nake rubutun nan. Ranar da babbar 'yarka ta kammala makaranta, mun je tare, ka sa sabon kaya, har mun kai bakin ƙofar zauren taro wayar ta yi ƙara. Ka ce minti goma. Sanda ka dawo ana tattara kujeru, hannun rigarka ya yi dumu-dumu da laka. Hoton ranar yana nan a bangon falonka: ita da mahaifiyarta, da ni a tsaye a inda ya kamata a ce kai ne. 

Na san abin da ke cinka, don ni ma shi ke cina. Wanda yake aiki a ƙarƙashin wani, akwai mai gaya masa an tashi, akwai ranar da ake kulle ƙofa ko yana so ko ba ya so. Mu masu cin gashin kanmu ba mu da wannan gatan. Kai ne maigida, kai ne ma'aikaci, kuma ban taɓa ganin maigida mara tausayi irin wanda ka yi wa kanka ba. Ka sha gaya mini, "Auta, in ka ce a'a sau ɗaya, gobe lambar wani za su nema." Na ɗauki maganar nan na riƙe gam. Shekara ashirin da wani abu kana aiki, ban san ranar da ka wuni a gida da lafiyarka ba.

Bara ne jiri ya ɗebe ni ina kan tsani. Da labari ya iske ka, ka ajiye aiki, abin da ban taɓa ganin ka yi wa kanka ba, ka ja ni asibiti kana faɗa tun daga gida har can. Likita ta auna ni ta ce hawan jini ne. Sai ta dube ka ta ce kai ma miƙo hannu.

"Ni rakiya na yo, Likita," in ji ka.

Ta auna ka duk da haka, ta sake aunawa, ta cire tabarau. Naka ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ta rubuta mana magani iri ɗaya, ta ce mu riƙa barci, mu ci abinci a zaune, mu ware rana ɗaya a mako da ba za mu taɓa kayan aiki ba. Ka yi ta gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki, alhali wayar tana ta rawa a ƙirjinka. Daga ranar, kusan kullum sai ka kira ni da safe ka tambaya ko na sha magani. In na ce kai fa, sai ka ce, "Ni ai tun ɗazu."

Bayan rasuwarka aka kawo mini akwatin kayan aikinka daga gidan nan mai bene. A ƙasa, tsakanin robobin famfo da tsofaffin kusoshi, na ga kwalin maganin. Ƙwaya huɗu kawai ka ɓalla. Katin asibitin yana naɗe a gefe, danshi ya cinye rabin rubutun, ranar komawarka ta wuce da wata goma. Na zauna a ƙasa na daɗe ina kallonsa. Ban san lokacin da na ce da ƙarfi, "Haba, Yaya!" ba.

Yanzu ga inda na samo tawa gajiyar. Ranar jana'izarka, matarka ta miƙo mini wayar da igiyarta, ta ce in ɗauke ta daga gidan, ba za ta iya jin ƙararta ba. Na sa a aljihu. Ta yi ƙara muna hanyar maƙabarta, ta yi ƙara muna dawowa. Wasu in na gaya musu rasuwarka sai su fashe da kuka. Wasu su yi addu'a, sannan su ce, "To yanzu wa zai ƙarasa mana aikin? Kwana biyu ba mu da ruwa." Ban ga laifinsu ba, gida babu ruwa ba gida ba ne. Amma a kira na uku ko na huɗu sai na ji bakina ya ce, "Ga ni nan zuwa." Wallahi ban shirya faɗa ba, fitowa kawai ta yi.

Haka na kwashe fiye da mako da waya biyu, tawa a aljihu, taka a wuya. In gama haɗa wuta a wannan gida, in ruga wancan in ɗaure bututun da ka bari a buɗe. Na gaya wa kaina cewa sunanka nake karewa, kada a ce ka tafi ka bar aikin mutane. Abinci a tsaye, wani lokaci a kan babur. Ranar Alhamis jirin nan ya dawo, na rungume tsani har ya lafa, na sauko ban gaya wa kowa ba. Matata dai ta gane. Sai na wayi gari na ga ta ajiye kwalin maganina a cikin takalmina.

Jiya da hantsi na je gidanka da akwatinka a hannu. Ka san famfon tsakar gidanka, wanda ka ɗaure da igiyar roba shekara biyu da suka wuce ka ce ranar da ka samu sarari za ka canja kansa. Duk kwanakin zaman makoki, da zarar mutane sun yi shiru, ɗigarsa a cikin bokiti ake ji. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce ko ba komai wannan zan yi maka. Na durƙusa, na kama sifana ke nan, matarka ta fito daga ɗaki ta tsaya a kaina.

"Auta, ajiye."

Na ce mata ai ba zai ɗauki minti goma ba.

"Na san minti goman gidan nan," ta ce. "Kana tsammani don ruwan da ke zuba nake ta yi masa mita? Da famfon ne damuwata, da tuni na kira wani ya gyara. So nake ya zauna a gida. Na ce ko don famfon zai yi mana wuni ɗaya." Ta share ido da gefen mayafi. "Ajiye, ka zo ka ci abinci. Yau ba aiki ka zo ba."

Ban kai ga amsawa ba wayarka ta fara ƙara a ƙirjina. Hannuna ya tafi da kansa. Mama tana zaune a kan tabarma a inuwar bango, carbi a hannu. Ta ɗago ta dubi igiyar da ke wuyana, ta dube ni.

"Ku biyu na haifa, Auta," ta ce.

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta tsinke, ta sake somawa. Na ciro ta daga wuya na danna maɓallin kashewa, ya ƙi. Ya ƙage, don tun da ka saye ta ban jin an taɓa danna shi. Babbar 'yarka ce ta zo ta karɓa, ta sa farce ta danne da ƙarfi har fuskar wayar ta yi baƙi, ta shiga da ita ɗaki. Na ciro tawa, na kashe da hannuna.

Na ci abinci a zaune, Yaya, har na cinye. Na sha magani a gaban Mama. Na kishingiɗa a doguwar kujerarka ta falo, wadda matarka ta ce ba ka taɓa yin awa guda a kanta ba, barci ya kwashe ni har la'asar. Da na farka na kunna wayata na ga kira bakwai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce sai gobe. Shida suka ce Allah Ya kai mu. Ɗaya ya ce zai nemi wani, na ce masa ba laifi. Wannan ɗayan ne abin da muka shekara ashirin muna tsoro, ni da kai.

Ga duk waɗanda suka saba kiran lambar yayana: an kashe ta, ba za a sake kunnawa ba. Wanda ya bar wa aiki bai ƙarasa ba, ina roƙonsa ya yafe masa, ya nemi wani, masu sana'ar suna da yawa kuma su ma suna da iyali. Ni kuma daga yau ba na ɗaukar waya in ina cin abinci, kuma akwai rana ɗaya a mako da ba za a same ni ba. Wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Famfon tsakar gida yana nan yana ɗiga, matarka ta ce a bar shi tukuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya ba ni ikon daɗewa a gabanta. Ina yi wa matarka da 'ya'yanka huɗu ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya yaran, Ya zama gatansu. Ina yi wa abokan sana'arka ta'aziyya, da tsohuwar ƙarshen layi da ta zo da sanda ta zauna tare da mu.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, har da zaluncin da ka yi wa jikinka. Ya sa duk ruwan da ka kai gidajen mutane ya zama sanyi a makwancinka. Ka gaji, mun gani, ba mu hana ka ba, Allah Ya yafe mana mu ma. Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi, Ya ba ka hutun da ka hana kanka. Ka kwanta, babu mai kiranka yanzu. Amin.