Tukunyar da Muka Binne a Gindin Mangwaro

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ina koyar da ƙananan yara a wata 'yar makaranta a Sabon Gari. Kullum daga Fagge nake takowa, in ratsa hayaniyar mahaɗar Bata, in iso a jiƙe da gumi. Abokiyar aikina 'yar Ibo ce haifaffiyar Kano, Hausarta ta fi ta Innata, wadda har ta rasu harshen Barno bai saki bakinta ba.

Ita ta fara kai ni wurin Sista, wata tsohuwar Baturiya ma'aikaciyar coci, 'yar ƙasar Ailan, da ta koyar da ita tun tana 'yar mitsitsiya. Lokacin da na san Sista tsufa ya riga ya cinye mata tunani. Tana zaune a kujera, idonta a kan taga, ba ta gane kowa. An gama shirin mayar da ita ƙasarsu kafin damina ta ƙare. Ƙawata ba ta son komai sai tsohuwar nan ta dube ta sau ɗaya, ta san ko ita wace ce, kafin ta tafi.

Akwai tatsuniyar da Sista ke yi musu a da. Wai a ƙasarsu akwai wani ɗan aljani baduku, bai fi turmi tsawo ba, da koriyar riga, yana binne tukunyar zinariya. In ka kama shi dole ya nuna maka wurin, amma kana ɗauke ido ya ɓace. Wani manomi ya taɓa kama shi, ya ɗaura jan ƙyalle a bishiyar da aka nuna masa, ya tafi ɗauko fartanya. Da ya dawo sai ya tarar kowace bishiya a dajin da nata jan ƙyallen.

Ƙawata ta ce mu shirya wa yara wannan wasan a dogon hutu, a tsakar gidan iyayenta, mu ɗauko Sista ta gani, ko Allah zai sa wani abu ya motsa. Na ce mata aljanun da muke da su a nan sun ishe mu, ba sai an yo mana odar wasu daga Turai ba. Amma kafin a jima na fi ta zaƙewa. Har mafarkin badukun na yi, yana zaune a kan katangar gidanmu yana ɗinke silifas ɗin Inna.

Muka je kasuwar Singa muka sayo cakulan ɗin nan mai kama da kwabo, a naɗe da takarda mai ruwan zinariya. Wani tela a layinmu ya tara mini jajayen ƙyallaye. Ranar wasan, da hantsi, bayan an ɗauke ruwa, muka cika 'yar tukunyar ƙasa, muka ɗaure bakinta da jan ƙyalle, muka binne a gindin mangwaro. Muka ɗaɗɗaura sauran a kowace bishiya da kowane ƙarfe, muka danna takalmin jariri a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya zama sawun baduku. Ba mu faɗa wa kowa ba, don Inna ba ta iya ɓoye wa yara magana. Muka bar ta da maman ƙawata suna suyar cincin a bayan gida, muka tafi ɗauko Sista.

Matan nan biyu ba su taɓa yarda da juna ba ko a kan yawan gishiri. Ran nan kuwa, daga baya muka ji, suna fitowa suka ga jan ƙyalle ko'ina, ga ƙananan sawu, ga sabuwar ƙasa a gindin bishiya. Suka tona, suka ga tukunya a ɗaure. A Kano kowa ya san sunan wannan abin. Inna ta tofe ta da addu'a, Mama ta yayyafa mata ruwan coci, suka tura ta cikin buhu da sanda, suka jefa a babbar kwatar da ke ambaliya. Suka mayar da ƙasa, suka yi shiru don kada hankalinmu ya tashi.

Yara suka zo. Rana ta ɗan leƙo, ganye na ɗiga, suna bin sawu daga bishiya zuwa bishiya suna leƙa ƙarƙashin bokiti ko za su ga koriyar riga. Sista na kujera a inuwa kamar ba ta wurin. Da suka isa mangwaro suka tona da cokula. Suka tona, suka ƙara tonawa. Babu komai.

Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi, na fara neman wanda zan sauke wa. Ƙawata kuwa ta tsuguna a bakin ramin, hawaye na zuba. Sai muka ji dariya, 'yar siririya, daga inuwa.

"Ya sake yi," in ji Sista, da tsohuwar Hausarta. "Ba a taɓa samun zinariyarsa ba."

Ta juyo ta dubi ƙawata sosai, ta kira ta da sunan yarinta wanda ni ma ban taɓa ji ba.

"Ke ce kika ɗauke ido. Kullum ina gaya miki kada ki ɗauke ido."

Ƙawata ta rarrafa ta kifa kanta a cinyar tsohuwar, ita kuma tana shafa mata gashi. Yara ba su fasa tono ba, sun tabbata yanzu badukun gaskiya ne.

Ina tsaye Inna ta matso, hannunta duk mai, ta raɗa mini cewa in gode wa Allah, yau ita da Mama sun raba gidan nan da mugun abu. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na waiwaya na ga hannun Sista bai bar kan ƙawata ba.

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Inna."